Raƙuman Malama Hindu

Ina tsaka da kwashe tuwon rana na ji sallamar maza a zauren Malama Hindu, sau uku a jere, ta ƙarshen da ƙarfi kamar mai kiran kurma. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, kuma tun daminar da ruwa ya ci wani ɓangare nata ba mu gyara ba, muka bar wurin ya zama ƙofarmu. Na ajiye mara na tsallaka.

Na same ta a bakin gado, ta dafa bango tana son miƙewa. Ƙafafunta sun kumbura har suna sheƙi, numfashinta na fita guntu-guntu.

"Asibi, kama ni mu tahi zaure."

"Malama, ki bari in ce musu ba ki da lahiya."

"Sun sani. Shi ya sa sunka zo yau. Miƙo min hijabi."

Malama Hindu 'yar Moriki ce. Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara aka maido ta daga Sakkwato zuwa wata makarantar sakandaren 'yan mata a nan Ƙauran Namoda, tana koyar da adabin Hausa. Mijinta ya rasu tun kafin ta zo, ɗa ɗaya da Allah ya ba ta shi ma bai yi rai ba. Ita kaɗai take zaune da littattafanta da wata tsohuwar rediyo. Shekara huɗu muna maƙwabtaka, ni ina suyar ƙuli-ƙuli, ita tana zaune kan turmi tana duba littattafan yara da jan biro, muna hira. Ciwon zuciya ya kama ta tun bara. Likitan Gusau ya ce ta bar aiki, ta ce sai ta raka 'yan ajin ƙarshe har ƙofar jarrabawa.

Daga ɗaki zuwa zaure sai da muka tsaya sau biyu. Na ajiye mata kujera a bakin ƙofar ciki, na tsuguna bayanta.

Su uku ne a kan tabarma. Akwai Alhaji Tambari, shugaban kwamitin iyayen yara, wanda kuma shi ke kai wa makarantar hatsi. Akwai Liman Zakariyya na masallacin unguwarmu, tsoho tukuf, ya jingine sandarsa da bango. Na ukun masinjan makaranta ne, yana riƙe da ambulan, idonsa a ƙasa.

Aka gaisa gajeriyar gaisuwa. Alhaji ya zaro wata takarda daga aljihu ya ɗaga ta.

"Malama, wanga rubutu naki ne?"

"Nawa ne."

"To, madalla da ba ki yi musu ba. Duniya duk ta san abin da Allah ya ba mu bana. Mun samu Shari'a, kowa na murna, ke kuma kin zauna kin maishe ta danga, kina koya ma ɗiyanmu yi mata ba'a."

Malama ba ta dube shi ba. Ta juya wajen Liman.

"Allah shi gafarta Malam, ka karanta takardar?"

"Ban yi boko ba, Malama. Abin da anka hwaɗa mini shi na ji."

"To a karanta maka, ka ji da kunnenka."

Masinja ya karɓa, ya fara karantawa. Ni na riga na san labarin, don a gabana ta rubuta shi. Littattafan makaranta ba su isa ba, ɗaya ga yara goma, shi ya sa take rubuta nata. Darasin da take so ta koyar shi ne abin da suke kira doguwar siffantawa. Ta taɓa yi mini bayaninsa ina ɓarar gyaɗa. Ta ce in an ce da mutum zaki, an siffanta shi. In kuwa aka ɗauki zakin aka bi shi tun farkon labari har ƙarshe, da dajinsa da abin da ya kama, kowanne yana tsaye a madadin wani abu na rayuwar mutane, to siffantawar ta yi tsawo ke nan, kuma aikin mai karatu ne ya gano abin da ke ƙarƙashi.

Labarin bai cika shafi ba. Wani gari ne dabbobi suka dame shi da ɓarna a gonaki. Mutane suka taru, kowa ya kawo itace da ƙaya, suka kewaye gonakin da danga mai kyau, aka yi murna. Aka sa doka, duk dabbar da ta keta danga a yanka ta. Akuyar wata tsohuwa ta cusa kai ta tsinki ganye uku, aka kama ta aka yanka. Shi kuwa mutumin da aka ba tsaron ƙofa raƙuma gare shi. Su ba sa keta danga. Tsayawa suke daga waje su miƙa wuya su cinye kan gero. Da kaka ta yi rumbuna wayam, danga kuwa ko ƙaya ɗaya ba ta faɗi ba. A ƙasa ta rubuta tambayoyi: mece ce danga, wace ce akuya, su wane ne raƙuma, kuma laifin wa?

Da masinja ya gama, ya ninke takardar. Ana jin kukan jaki daga wajen tasha.

"Malam," in ji Malama, "cikin abin da ka ji, danga ta yi laihi?"

Liman ya daɗe yana shafa gemu. "Danga dai ta tsaya inda anka kahwa ta."

"Na gode. Alhaji, kai kac ce danga Shari'a ce. Ni ban rubuta ba, amma ba ni musu. In ɗaliba ta ba ni wagga amsa, maki nika ba ta. Ranar taron ƙaddamar da ita a Gusau ina cikin matan da sunka yi kabbara har muryata ta dishe, ba wanda zai koya mini son abin da Allah ya saukar. To tunda ka hwara amsa tambaya, ƙarasa mana. Su wa ne raƙuman?"

Na ga jijiyar wuyan Alhaji ta tashi.

"Ba wasa niz zo yi ba. Wa ya sa ɗiyata ta rubuta abin da ta rubuta?"

"Idonta. Ita ka cin tuwon makaranta, ba ni ba."

Sai daga baya na san abin da ake magana a kai. Nusaiba, 'yar Alhaji, tana ajin ƙarshe, kuma yawancin 'yan ajin ƙarshe a makaranta suke kwana. A littafinta ta amsa cewa raƙuma su ne waɗanda aka ba amanar ƙofa, ta kawo misali da mai kai wa makaranta hatsi, buhu ya zo da yashi a gindinsa, yara su kwana da yunwa, shi kuma yana sahun gaba a masallaci. Ba ta ambaci suna ba. Da ta zo hutun ƙarshen wata uban ya buɗe littafin ya gani.

Alhaji ya yi wa masinja alama, ya miƙo ambulan. An dakatar da Malama daga aiki har sai ta rubuta ta nemi gafara, ta kuma bayyana a gaban ɗalibai cewa labarin ba ya nufin komai, hirar awaki da raƙuma ce kawai.

Malama ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta.

"Shekara ashirin da biyu ina hana yara su ce labari ba shi da ma'ana. Yanzu in tsaya gabansu in hwaɗi haka da bakina? Ku gaya musu ba ni yi."

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ke da ƙahwarki ɗaya ta riga ta shiga rami, da kin yi tunanin wa zai yi miki salla."

"Alhaji!" Liman ya buga sanda a ƙasa. "A'a. Wagga magana ba taka ba ce."

Malama ta yi murmushi, leɓɓanta sun bushe. "Bar shi, Malam. Wanda zai karɓe ni ya san abin da na rubuta. Asibi, kama ni."

Kafin Juma'a magana ta gama gari, kuma ta canza kama a hanya. A bakin kasuwa aka ce ta kira Shari'a shirme. A wajen tasha aka ce ta kira malamai raƙuma. Matan da ke aiko mata da fura suka daina. Mai garuwa ya riƙa wuce ƙofarta kamar ba gida a wurin, sai na riƙa sayen ruwa biyu ina tsallaka mata da ɗaya. Wata safiya muka tashi an shafa wa ƙyauren gidanta kashin shanu. Na ɗebo ruwa zan wanke, ta leƙo ta taga ta ce in bari sai rana ta ɗaga, kowa ya wuce ya ga aikin masu kishin addini.

Mijina Maccido tsohon ma'aikacin reluwe ne, mutum mai gudun fitina. Ran Asabar na gan shi ya shigo da kwando cike da tubali ya ajiye a gindin katanga.

"Mi za ka yi da wanga?"

"Toshe wurin ga za ni yi. Mutane na magana, Asibi. Ko a masallaci an hwara kallona."

Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a tsakiyar wurin da ya rushe, na zauna na ci gaba da murza ƙuli. Ya tsaya a kaina ya fi minti goma.

"Ba ki tashi?"

"Ka ɗora tubalin bisa kaina. Matar ga in ta hwaɗi da rana tsaka, wa zai ji ta?"

Ya yi tsaki ya fita. Tubalin nan a wurin suka zauna har kaji suka mai da su wurin hawa.

Sati shida ya rage a fara jarrabawa. Wanda aka ba ajin Malama malamin lissafi ne, shigowa yake ya ce su yi karatu ya fita. Ran Litinin bayan la'asar 'yan mata uku suka yi sallama a gidana, wai ƙuli suka zo saye. Cikinsu akwai Rahma, 'yar wani maƙeri da na sani, wadda aka bar ta tana kwana gida saboda uwarta ba lafiya. Na ba su ƙulin, suka ƙi tafiya, suna ta kallon katanga.

"Ku wuce," na ce. "Tana ciki."

Washegari suka zo su bakwai. Kafin sati ya ƙare sun kai goma sha ɗaya, 'yan kwana kuma suna aiko da littattafansu a ƙarƙashin hijaban waɗannan. Ta gidana suke shiga, ta gidana suke fita, kowace da ƙullin ƙuli a hannu. Maccido ya riƙa zama a zaure da rediyonsa a kunne, yana amsa gaisuwarsu ba tare da ya ɗaga kai ba.

Malama ba ta iya zama sai an tara mata matasai uku a baya. Ba ta iya doguwar magana, don haka ta riƙa sa su su yi maganar. Ni ina bakin ƙofa ina yi mata fifita, ina sauraro.

Wata rana ta sa kowace ta ƙirƙiro nata labarin. Rahma ta kawo na wata kaza da ke kwanciya kan ƙwan da ba nata ba, ta ce kazar ita ce gwaggonta.

"To ƙwan mi ne?"

Rahma ta dubi littafinta.

"Akurkin hwa? Mai kazar?"

"Ban yi tunaninsu ba, Malama."

"To ba siffantawa kinka yi ba, habaici kinka yi ma gwaggonki." Yara suka tuntsire da dariya. Ta jira suka lafa. "Ku ji ni da kyau. In abu guda kaɗai ya dace, zargi ne. Sai kun bi labarin gaɓa-gaɓa, kowace ta zauna wurinta. Kada ku yi gaggawar liƙa suna. Ku tambaya, abin ga mi ya yi, wa ya ci, wa ya rasa. Kuma wani lokaci akuya akuya ce kurum. Mai ganin ma'ana ko'ina daidai yake da wanda bai gani ko'ina."

A sati na uku Nusaiba ta zo. Uban ya cire ta daga kwana ya maido ta gida, yana sa a kai ta a ɗauko ta. Ran nan ta ce za ta gidan kakarta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa a gaban gado ta fashe da kuka.

"Malama, ni na ja miki."

"Ke kinka rubuta labarin?"

"A'a."

"To share hawayenki, ɗauko littahinki. Kin san maki nawa na ba ki a amsar nan? Rabi."

Nusaiba ta ɗago, hawaye na zuba, mamaki ya kama ta.

"Kin gani daidai, amma kin ƙuntata labarin. Kin ɗauki garke guda kin maishe shi mutum ɗaya. Raƙuma suna ko'ina anka ba wani ƙohwa. Akwai su a ofis, akwai su a kasuwa, akwai su cikin malamai irina. Ke ma ranar da anka ba ki tsaro, ki shahi wuyanki ki ji ko ya hwara tsawo." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Shi kuma ubanki ne. Ki gaishe shi da sahe, ki kai mishi ruwa, kada ki ɗaga mishi murya. Amma kada ki taɓa cewa ba ki ga abin da kinka gani ba."

Ran nan suka koma kan tambaya ta ƙarshe, laifin wa. Wasu suka ce na mai tsaron ƙofa, wasu suka ce na wanda ya naɗa shi. Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"To su mutanen garin hwa? Raƙumi ba ɓera ba ne. Duk damina shina miƙa wuya, ba wanda ya gani?"

Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ba ta ruwa. Da ta samu kanta ta nuna ni da biro.

"Ku rubuta. Amsar Inna Asibi ta hi ta kowa, kuma ko alif na boko ba ta sani ba."

Na ji kunya na rufe fuska. Amma da na koma gida na daɗe ina tunani, don ni ma na ji yara suna maganar yashin nan tun bara, na ce ba ruwana.

Ƙanenta Jibrin ya zo daga Moriki da mota zai tafi da ita gida. Ya roƙe ta har ya yi fushi. Ya ce sunan gidansu ake ja a ƙasa, ta sa hannu a huta. Ta ce ya dawo bayan jarrabawa. Ya koma shi kaɗai.

Bayansa shugabar makaranta ta zo da kanta, Hajiya Kulsumu, wadda suka yi kwalejin horon malamai tare. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunta.

"Hindu, na sa an sassauta. Ba sai kin tsaya gaban yara ba. Layi uku ne, ki sa hannu kurum. Sun matsa mini, ni ma kujerata na rawa."

Malama ta karɓi takardar ta sa tabarau. Ta ce in miƙo mata jan biro. Na ɗauka ta gaji, za ta sa hannu. Ta daɗe tana rubutu, sannan ta mayar.

Hajiya ta duba, sai ta sa gefen gyale ta rufe baki. Malama ba ta sa hannu ba. Gyara ta bi ta yi wa takardar. Inda aka rubuta rakumi ta sa wa harafin ka ɗin ƙugiya, ta raba kalmomi biyu da aka haɗe, ta ja layi ƙarƙashin jimlar da ta ce labarin ba ya nufin komai, ta rubuta a gefe cewa ba gaskiya ba ne, a sake.

"Hindu, ba ki canzawa."

"Kulsumu, kin taɓa zura hannu gindin buhun nan?"

Hajiya ta kau da kai. Ta zauna har aka kira azahar, ta yi salla a ɗakin, ta tafi da takardar a jaka. Har yau ba a janye dakatarwar ba. Alhaji kuma ya ci gaba da kai hatsi har ƙarshen shekarar, ban ji an ce masa komai ba, sai dai masu dafa abinci sun ce tun daga lokacin Hajiya ke tsayawa a juye kowane buhu a kan tabarma a gabanta.

Darasi na ƙarshe ran Laraba aka yi shi. Malama ba ta iya ɗaga kai, Nusaiba ce ta riƙa karanta tambayoyin shekarun baya, sauran na amsawa, ita kuma tana ɗaga yatsa in an yi daidai, ta girgiza shi in an kauce. Da za su tafi ta sa kowace ta matso ta dafa kanta.

Ran Alhamis da hantsi ina shafa mata man zafi a ƙafa ta kira sunana.

"Asibi, ki ce musu su karanta tambaya sau biyu kahin su taɓa biro. Rahma gaggawa gare ta."

"Za ki hwaɗa musu da bakinki in sun zo."

"Ke dai ki ce musu. Juya ni gabas."

Na juya ta. Na riƙa yi mata kalmar shahada a kunne, tana bi, leɓɓanta na motsi. Ta yi sau uku a fili. A na huɗu na ji hannunta ya saki nawa.

Na rufe mata ido, na ɗaure haɓa, na tsallaka gida. Maccido na zaure. Da ya ga fuskata ya kashe rediyo ya yi salati. Bai tambaye ni komai ba, ya sa hula ya fita. Na leƙa na gan shi yana sauri ya nufi gidan Liman, shi da ko ruwa ake yi ba ya sauri.

Ni da wata tsohuwa, ƙanwar Liman, muka yi mata wanka. Muna ciki ina kasa kunne waje, maganar Alhaji na yi mini yawo a kai. An ce tun da labarin rasuwar ya fita ya zauna a ƙofar shagonsa yana cewa kowa ya san abin da ta aikata, shi dai ya fita haƙƙin mutane.

Da aka fito da makara na leƙa ta zaure. Mutum bakwai na ƙirga: Maccido, Jibrin da ya iso a gigice, tsofaffin reluwe uku, maƙerin nan uban Rahma, da masinjan makaranta. Can gefen hanya mutane sun fi talatin, sun harɗe hannu suna kallo.

Liman Zakariyya ya taho yana dogara sanda. Bai nufi makara ba, sai da ya tsallaka hanya ya tsaya gaban masu kallon.

"Cikinku wa ya ji labarin da kunnenshi?" Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "To ni na ji. Ni na limance ku shekara talatin. In kun taɓa kama ni da ƙarya, ku tsaya nan. In ba ku taɓa ba, ga 'yar'uwarku can."

Ya juya ya dawo bai waiwaya ba. Mai garuwa ne ya fara ajiye jarkokinsa ya biyo shi. Sai wani tela, sai wasu samari biyu. Ba duka suka zo ba, wasu sun sulale ta lungu. Amma da Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara, sahu uku ne a bayansa.

Maza suka ɗauke ta suka nufi maƙabarta. Na koma ciki na zauna ni da tsohuwar nan, gidan ya yi mana faɗi. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, irin na farkon damina, iska na kaɗa ganyen darbejiya.

Sai na ji ƙarar tafiya, ba ta mutum ɗaya ba. Na fita ƙofa. 'Yan ajin ƙarshe ne gaba ɗaya, da fararen hijabansu na makaranta, biyu-biyu a jere a tsakiyar titi. Sun fito ana tsaka da darasi, mai gadi ya kasa tare su. Hanyar kasuwa suka biyo, ta gaban shagon Alhaji, Nusaiba na sahun farko. A can bayansu Hajiya Kulsumu ce, a ƙasa, ta bar motarta. Wannan karon ba su nufi gidana ba. Ta ƙofar Malama suka shiga, ta zaure.

Suka cika ɗakin da rumfa. Ba wadda ta yi kururuwa. Na isar musu da saƙon, na ce ta ce su karanta tambaya sau biyu, na dubi Rahma na ce da ita musamman. Rahma ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta kifa kai a cinyar Nusaiba. Hajiya ta fara karatu a hankali, suka bi ta.

Yayyafi ya sauko. Na fito tsakar gida, sai na ga takalmansu a fili, sun fi ƙafa arba'in, an jera su daga bakin rumfa har gindin randa, wasu an ɗinke maɗaurinsu da zare. Na sunkuya na fara kwashe su bibbiyu ina kai su ƙarƙashin rumfa, ina haɗa kowanne da ɗan'uwansa.